Dattawan Arewa da Suka Tsufa a Wajen Biɗa: Wa Zai Ɗauki Nauyin Jinyarsu?

Duk wanda ya san ƙasar Arawa, wato gundumomin Dogondutsi da Tibiri na jihar Doso, tun daga Dogonkiriya da Sukukutan har ya gangaro Matankari da Kore Mairuwa da Gecheme, ya san da wuya a shiga gidan da ba shi da mutum a wajen biɗa. Waɗansu sukan fita bayan an ɗaure hatsi su komo da ruwan shuka, to, waɗannan sha'aninsu da sauƙi. Amma akwai waɗanda tafiyar rani ɗaya ta zame musu zaman shekara talatin ko arba'in a Kumasi, ko Ankara, ko Abijan, ko Kwatano, ko Legas, suna gadi, suna dako, suna fawa, suna dillancin shanu, har furfura ta riske su a can, ƙarfin da suke sayarwa ya ƙare, hawan jini da ciwon suga da yanar ido da riƙewar fitsari suka zo suka tare a jikinsu. A kan waɗannan dattawa nake so mu yi nazari, domin da guminsu aka rufa ɗakuna da kwano, da shi aka sayi shanun noma, da shi aka ciyar da gidaje a shekarun fari na 1973 da 1984, alhali kuwa yau idan ɗayansu ya kwanta jinya, babu wani tsari tabbatacce da zai jingina da shi, a can ne ko a nan.

Mu fara da wanda ya zaɓi ya ƙarasa kwanakinsa inda ya yi nema. Idan a Gana yake, ya tarar da inshorar lafiya ta ƙasa wadda aka kafa da dokar 2003, aka sabunta ta a 2012, wadda kuma ta ɗauke wa wanda ya haura shekara 70 biyan kuɗin shekara-shekara. Idan a Kodibuwa ne, dokar 2014 ta wajabta wa kowane mazaunin ƙasar, ɗan ƙasa da baƙo, ya riƙa zuba sefa 1,000 a wata, asusun ya ɗauki kashi 70 cikin ɗari na kuɗin jinyar da ke cikin lissafinsa, majiyyaci ya cika sauran. Jika ɗaya a wata ba ta da nauyi a kunne, amma dattijon da ke da mata ɗaya da 'ya'ya ko jikoki uku a hannunsa, sefa 60,000 ke kansa a shekara, kuma shi ne mutumin da ya bar bakin aiki, yana ci daga abin da 'ya'ya suka miƙo. A Najeriya ma dokar 2022 ta mayar da inshorar lafiya wajibi, sai dai mai gadin kanti ko mai ga-ruwa, wanda sunansa bai taɓa shiga littafin albashin kowa ba, da wuya hannun wannan doka ya kai gare shi. Abin da ya haɗa tsare-tsaren nan uku kuwa shi ne, kowannensu a bakin iyakar ƙasarsa yake tsayawa: ranar da dattijo ya ɗaure kayansa ya nufo gida, katin da ya yi shekaru yana biya ya zama takarda kawai.

To, ga shi ya iso gida. Idan yana cikin 'yan tsirarun da suka yi aikin kamfani ko na hukuma har suka sami fansho, sai ya tarar kuɗin nan suna ramewa a hanya kafin su iso hannunsa. Wanda ke karɓar nasa da naira ya ga haka ido da ido, domin dalar Amurka da ake canzawa a kan naira 460 da 'yan kai a farashin hukuma cikin watan Mayu na 2023 ta haura naira 1,500 a watan Fabrairu na 2024, alhali sefa tana ɗaure da kuɗin Turai ba ta motsa ba. Ma'ana, fanshon da jiya yake isar hatsi da magani, yau hatsin ma da ƙyar. Wannan masifa ba baƙuwa ba ce a tarihinmu. Tsofaffin sojan da suka yi wa Faransa yaƙi an daskarar da fanshonsu da dokar 1959, ba a daidaita su sosai da takwarorinsu Faransawa ba sai a 2011, bayan mafi yawansu sun riga mu gidan gaskiya; kuma sai a 2023 aka yarda wa 'yan kaɗan da suka rage a Faransa su koma ƙasashensu ba tare da an yanke musu kuɗin tallafin tsufa ba, wanda a da sai mutum ya zauna wata shida a can kowace shekara yake samunsa. Haka nan korar baƙi da aka yi a Gana a 1969, da wadda aka yi a Najeriya a 1983, duka sun nuna mana cewa abin da baƙo ya tara a ƙasar wani yana iya kuɓuce masa cikin mako biyu.

Akwai yarjejeniyoyi da aka ƙulla don magance wannan, kamar wadda ƙasashen ƙungiyar CIPRES suka sa wa hannu a Dakar a 2006, da wadda CEDEAO ta zartar a 2013, domin ma'aikaci ya iya haɗa shekarun aikinsa na ƙasashe daban-daban ya karɓi haƙƙinsa a gida. Amma Gana da Najeriya ba sa cikin ta farko, Nijar kuma ta kammala fita daga CEDEAO ranar 29 ga Janairu, 2025. Saboda haka wajibi ne a kan mahukunta su nemi yarjejeniya ta kai tsaye da kowace ƙasar da mutanenmu suka yi yawa a cikinta. Ko da an samu ma, ma'aikacin da ke da takarda kaɗai za ta amfana, shi kuwa ɗigo ne cikin jama'ar da muke magana a kanta.

A gida kuma me ya tarar? Tun daga 2006 hukuma ta ɗauki nauyin jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da awon ciki, da fiɗar haihuwa. Kuma daga 1 ga Satumba, 2024, an rage rabin kuɗin ganin likita da kwanciya da gwaje-gwaje a asibitocin hukuma, aka mayar da haihuwa kyauta, aka soke sefa 150,000 da ake karɓa daga masu wankin ƙoda. Wannan alheri ne wanda ya cancanci yabo, ba kuwa zan rage shi ba. Amma tsoho ba ya cikin waɗanda aka yafe wa biya, asusun ma'aikata na CNSS kuma fansho da kuɗin iyali da diyyar haɗarin aiki yake bayarwa, ba inshorar jinya ba; ciwon tsufa kuwa ba irin zazzaɓin damina ba ne da ake sha masa magani kwana uku a miƙe, lalura ce wadda take neman ƙwaya kowace safiya har iyakar rai. Idan abin ya fi ƙarfin asibitin gunduma, sai a ce Doso, ko Yamai, ko Galmi, ko a ƙetara Sakkwato, kowace tafiya da kuɗin motarta da na masu jinya. Daga nan sai a sayar da tunkiya, sai saniyar noma, daga bisani a jinginar da gonar fadama, gidan da dattijon ya yi shekara arba'in yana ɗagawa ya koma inda ya faro cikin damina ɗaya.

Ra'ayina a kan wannan mas'ala shi ne, lokaci ya yi da Arawa za su kafa asusun jinya guda ɗaya mai faɗin gunduma, wanda za a riƙa zuba masa kuɗi tun ana da lafiya, na gida su biya da kaka, lokacin da wake da gyaɗa suka shiga kasuwa, na waje kuma su biya wa kansu da iyayensu daga inda suke. Ba kuma daga wata uwa duniya na ɗauko wannan shawara ba, a jiharmu aka fara jarraba irinta. A 1993 hukuma ta gwada hanyoyi biyu na biyan kuɗin magani: a Sayi majiyyaci yana biyan sefa 200 duk lokacin da ya zo da ciwo, yaro kuma 100, a Boboye kuwa kowane mai biyan haraji yana ƙara sefa 200 a shekara, sa'an nan idan ciwo ya zo babba ya ba da 50, yaro 25. Da masana suka auna sakamakon, sai suka tarar a Boboye zuwa likita ya ƙaru ƙwarai, musamman a wajen talakawa da mata da yara, kuɗin da aka tara kuma sun fi na Sayi. Duk da wannan hujja bayyananniya, hanyar da ta wanzu a ƙasa bayan dokar 1995 ita ce ta biya a bakin ƙofa, wato a nemi kuɗi daga mutum a ranar da ya fi kowace rana rashin ikon nemansu. A 'yan shekarun nan an sake ɗaukar irin hanyar Boboye a Gaya, da ke kudu da mu, inda aka kafa inshorar lafiya ta gunduma da taimakon ƙasar Beljiyam. Abin da Gaya ta iya ɗauka ban ga dalilin da zai gagari Dogondutsi da Tibiri ba.

Na ce mai faɗin gunduma ne da gangan. Ƙananan asusai na ƙauye ɗaya ko unguwa ɗaya sukan mutu da wuri, domin idan shiga ta zama ganin dama, marasa lafiya da tsofaffi ne ke rububin shiga, samari masu jini a jika su noƙe, sai fiɗa biyu ko uku su kwashe abin da aka tara. Hikimar abin ita ce a shiga gida-gida, da yaro da babba, da mai lafiya da majiyyaci, kamar yadda rumbun tsimi ba ya cika sai kowa ya zuba damminsa a shekarar da aka samu. A nan ne 'yan biɗa suke da babban matsayi, domin su ne masu tsabar kuɗi a watannin da na gida ba su da ita. Ai ko yanzu suna biya, sai dai a mafi munin hali: waya ta iso da tsakar dare cewa Baba ya faɗi, a bi 'yan gari ɗaya ana karo-karo, a ci bashi, kuɗin su iso bayan ciwo ya ci ƙarfinsa. Da rubu'in abin da ake tarawa cikin firgici an zuba shi cikin natsuwa a farkon shekara, da an auna jinin Baba tun kafin ya kai ga shanyewar ɓarin jiki.

Na san akwai masu shakka ta fuskar addini, kuma shakkarsu tana da asali, domin Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta yi fatawar haramcin inshorar kasuwanci saboda gararin da ke cikinta. Amma a wannan zama ɗin dai ta halatta inshorar ta'awuni, wadda aka gina bisa kyauta da taimakon juna, babu mai neman riba a kan ciwon ɗan'uwansa. Irinta ce aka fara a Sudan a 1979, ita ce ake kira takaful. Ɗalibin da ya karanta Risala a zauren malaminsa ya san hukuncin aƙila, inda dangi suke raba diyyar kisan kuskure a tsakaninsu su biya cikin shekara uku, don kada nauyin ya karya mutum ɗaya. Ya kuma san yabon da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi wa Ash'arawa, waɗanda idan guzurinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ya rage wuri ɗaya su raba daidai. Mai cewa tanadi yana warware tawakkali kuwa, ya tuna da tadbirin Annabi Yusufu, alaihis salamu, a shekarun wadata bakwai na Masar.

Abin da nake tsoro a kan wannan asusu ba fatawa ba ce, amana ce. Mutanenmu sun sha zuba kuɗi a ƙungiyoyi su wayi gari babu kuɗin babu bayani, kuma wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Don haka lalle ne kuɗin su zauna a banki da sa hannun mutum fiye da ɗaya, a sami ma'aikata masu albashi da suka san lissafi, a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a bainar jama'a da Hausa kowane wata uku, a aika wa zangunan Kumasi da Abijan kwafinsa. Ita ma hukuma tana da nata rabon amanar. Ƙasar Senegal ta shelanta jinya kyauta ga masu shekara 60 zuwa sama a 2006, amma bashin da asibitoci suka riƙa bin baitulmali ya raunana shirin. Mu ma mun ga yadda jinkirin biyan kuɗin jinyar yara ya bar ɗakunan magani babu magani. Saboda haka ba shelar kyauta nake roƙa wa tsofaffi ba. Abin da nake roƙo shi ne hukuma da ƙananan hukumomi su biya wa miskinai da tsofaffin da ba su da mai biya musu kuɗin shiga asusun, tsaba, a farkon shekara, a rubuce cikin kasafi, kamar yadda Sayyidina Umar ya yanka wa tsohon Bayahuden nan da ya tarar yana bara rabo daga baitulmali, don bai ga adalci ba a ci moriyar ƙuruciyar mutum a yar da shi da tsufa.

Ina kira ga Mai Martaba Sarkin Arewa da sauran sarakunan Dogondutsi da Tibiri, da limamanmu, da shugabannin ƙananan hukumomi goma na gundumomin nan biyu, su tura wakilai Gaya su ga yadda aka tsara nasu, su komo su zauna da likitocin gunduma kafin kaka mai zuwa. Ku kuma 'yan'uwa da ke zangunan Gana da Kodibuwa da Benin da Najeriya, ku yanki katin inshorar ƙasar da kuke zaune tun kuna da ƙarfin biya, ku adana kowace takardar aiki da ta shiga hannunku, sa'an nan ku sa maganar asusun gida a taronku na gaba, ku aiko da sunayen waɗanda kuka yarda da amanarsu.