Kada A Kori Matuƙin Jirgin Da Ya Faɗi Kuskurensa

A daren 28 ga Janairun 2025, jirgin Max Air daga Legas ya samu matsalar tayoyin gaba yayin sauka a Kano. Kowa ya fita lafiya, hukumar NSIB ta shiga bincike.

Wannan a idon jama'a ya faru. To, kuskuren da ba wanda ya gani fa, kamar matuƙi ya kusa hawa titin da wani jirgin ke kai? In ya san kora ke jiransa, gum zai yi, gobe wani ya maimaita.

Mu masu rubuta manhaja mun san darajar rahoto. Google da Facebook har kuɗi suke biyan wanda ya nuna musu ɓaraka. A Amurka, tun 1976 NASA ke karɓar rahoton matuƙa ta goge sunayensu. Wanda ya aika cikin kwana 10, in ba da gangan ya yi ba, yawanci ba a dakatar da lasisinsa.

NCAA ta sa kamfanoninmu rubuta irin wannan kariya cikin takardar ɗaukar aiki. A hukunta maye da ganganci, a kare mai faɗin gaskiya. Maniyyacin Karofi da zai tashi daga filin jirgin Katsina, ransa na rataye da wannan rahoton.