RA'AYI: Kafin a nemi zakaran tanis, a fara ilmantar da kocinsa

A shekarar 1983, Nduka Odizor ya kai zagaye na huɗu a gasar Wimbledon da ke Ingila, a 1984 kuma ya hau matsayi na 52 a jerin 'yan wasan tanis na duniya. A 1988, shi da Tony Mmoh da Sadiq Abdullahi suka wakilci Najeriya a gasar Olamfik ta birnin Seoul. Tun daga wancan zamani ƙasar ba ta sake fitar da wanda ya taka matsayin Odizor ba. Ɗan Tony Mmoh, wato Michael, ya shiga sahun mutum 100 na farko a duniya, amma da tutar Amurka, inda ya samu horo.

Duk lokacin da aka tayar da wannan magana, kuɗi da filaye ake fara ɗora wa laifi. Da wuya a ambaci mutumin da ke tsaye da yaro a fili kowace yamma, wato koci, balle a tambayi inda shi ya koyi aikin. Akasarin masu horar da yara tsofaffin 'yan wasa ne, kuma yadda aka koya musu haka suke koyarwa, alhali ilimin horar da yara ya yi nisa.

Misali guda ya isa. A ƙa'idar Hukumar Tanis ta Duniya, ITF, ƙwallon manya idan aka sake ta daga tsayin santimita 254, takan yi tsallen santimita 135 zuwa 147. Wannan ya zarce tsayin yawancin yara 'yan shekara bakwai. Yaron da aka fara da irin wannan ƙwallo zai saba da dukanta a saman kafaɗa, ya karkace riƙon raket don ya iya, kuma gyara wannan ɗabi'a yana da shekara 15 aiki ne ja. Shi ya sa ITF ta ƙaddamar da shirin Play and Stay a 2007, daga 2012 kuma ta wajabta amfani da ƙwallaye marasa gudu a gasannin 'yan shekara 10 zuwa ƙasa: ja a ƙaramin fili, ruwan lemo a filin mita 18, sannan kore a cikakken fili. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma sai mai tanƙwarar ya san inda zai karkata shi.

Wannan ilimi ba a ɓoye yake ba. Tun 2019 hukumar ta buɗe ITF Academy a intanet, inda darussa da dama kyauta ne. Tana kuma wallafa mujallar binciken horarwa sau uku a shekara cikin Ingilishi da Faransanci da Sifaniyanci, wadda ita ma ake karantawa kyauta. Akwai kwasa-kwasan shaidar ƙwarewa hawa-hawa, daga na masu koyar da sababbin shiga har zuwa na masu horar da manyan 'yan wasa, waɗanda ake gudanarwa ta hannun hukumomin tanis na ƙasashe. A gida kuma akwai Cibiyar Nazarin Wasanni ta Ƙasa da ke Surulere a Legas, wadda horar da kociyoyi na cikin dalilan kafa ta.

Matsalar tana tsakanin ilimin da mai buƙatarsa. Kocin da ke aiki a ƙarƙashin hukumar wasanni ta jiha, ko a filin wata makaranta, da albashinsa zai sayi data ya kalli bidiyo. Darussan cike suke da Turancin kimiyyar motsa jiki. Idan ya jure ya kammala, ba lalle ne ya samu jar ƙwallo ko ƙaramar raga da zai gwada abin da ya koya ba, kuma babu tabbacin takardar za ta ƙara masa matakin albashi. Wanda ya ga karatu bai sauya masa komai ba, da wuya ya koma.

Wasu za su ce gasa ce ke fitar da gwani, don haka a can ya kamata a zuba kuɗi. Gasannin da Babban Bankin Najeriya ke ɗaukar nauyi, da gasar Dala da ake yi a Kano, sun taimaka ƙwarai wajen raya wasan. Sai dai gasa mako guda ce, tana auna abin da aka koya ne a sauran makonnin shekara. Ons Jabeur ta Tunisiya ta lashe gasar matasa ta Faransa a 2011, shekaru 11 kafin ta kai wasan ƙarshe na Wimbledon a 2022. A gida ta fara, a hannun masu horarwa na ƙasarta.

Gyaran bai fi ƙarfin ofis ba. Hukumar Wasanni ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin ma'aikatar wasanni a watan Oktoba na 2024, za ta iya ware wa ilmantar da kociyoyi gurbi na kansa a kasafi, a daina cusa shi cikin kuɗin gasa. Hukumar Tanis ta Najeriya ta riƙa kai kwasa-kwasan zuwa shiyyoyi shida, maimakon jiran kowa ya biya kuɗin mota zuwa Abuja ko Legas, kuma duk wanda ya kammala ya koma gida da jakar ƙwallayen yara. A nemi izinin fassara darussan matakin farko zuwa Hausa da Yarbanci da Ibo, a naɗe su a gajerun bidiyo da za su shiga kowace waya. Jihohi kuma su ɗaure ƙarin girman kociyoyinsu da takardun da suka samu.

Yawancin waɗannan matakai daga takardar da wani jami'i zai rubuta wa shugabansa za su fara. Lokacin da ake tsara kasafin baɗi, ya dace mai rubuta takardar ya duba nawa aka ware wa kofuna da bikin rufe gasa, nawa kuma aka ware wa mutumin da zai koya wa yarinya 'yar shekara bakwai riƙon raket.