Farfaɗo da gasar kokawa: wa zai biya, kuma daga ina za a fara?

Duk shekara idan aka buɗe gasar kokawar takobi a Jamhuriyar Nijar, za ka tarar da samari a teburin mai shayi a Funtua ko Malumfashi sun haɗa kai a kan waya guda, suna musun wanda zai yi kaye. Sun san 'yan kokawar Dosso da na Maraɗi da sunayensu, amma ka ce su faɗi gwanin kokawar Bakori ko na Ƙafur, sai kowa ya yi tsit. Daga nan ake tayar da maganar da aka saba: me zai hana Najeriya ta yi tata gasar ta ƙasa duk shekara? Ina tare da masu wannan buri. Inda muka rabu shi ne wajen farawa. Gasar da aka shirya a ofis a Abuja, aka jira kasafin kuɗi ya ɗauke ta, ba za ta wuce shekara biyu ba. Wadda za ta ɗore ita ce wadda ta taso daga garuruwan manoma irin namu, bayan an gama girbi.

Mu fara da abin da Nijar ta yi. A 1975 aka fara gasar a Tawa, zamanin mulkin Seyni Kountché, kuma Kantu na Maraɗi ne ya ɗauki takobin farko. Yau jihohi takwas ne ke shiga, kowace da 'yan kokawa goma, ana zagayawa da gasar daga wannan babban gari zuwa wancan. Issaka Issaka na Dosso ya ɗauki takobin har sau shida. Abin da masu kallo daga nan ba su cika lura da shi ba shi ne, waɗannan mutum tamanin ba daga sama suka faɗo ba. Kafin su kai ga babban fili sai an tace su tun daga ƙauye zuwa gunduma, daga gunduma zuwa jiha. Gindin nan ne ke riƙe da gasar, kuma shi ne ya lalace a wajenmu.

Dattawan Ƙaraduwa, wato shiyyar Funtua, suna tuna lokacin da kaka ke zuwa da kokawa. An kai dawa rumbu, an ɗaure auduga an kai mizani, samari sun ƙoshi, sai wannan ƙauye ya aika wa wancan goron gayyata. Ba a neman izinin ma'aikata, ba a jiran ɗan kwangila. Sarkin samari ya share fili, makaɗa su ɗaura, mai gari ya zauna a gefe. Abubuwa da yawa suka taru suka kashe wannan: cirani da ke kwashe matasa da zarar an sare kara, kallon ƙwallon Turai da ya cinye yammacinsu, sannan uwa uba rashin tsaro, wanda ya sa taron jama'a a wasu ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara ya zama abin fargaba.

To, nawa abin zai ci? A kowace gasa ta ƙasa, abin da ke cinye kuɗi shi ne mota da masauki da ciyarwa, ba wasan kansa ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 a wurare da yawa cikin 2024. Dubi gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasa mai ƙungiyoyi ashirin. Katsina United za ta ɗauki 'yan wasa da masu horarwa ta nufi Fatakwal ko Uyo, ta kwana a hanya, ta biya otal, ta dawo. Kuɗin ƙofa ba ya rufe wannan, shi ya sa ita da Kano Pillars da mafi yawan takwarorinsu suka dogara da baitulmalin gwamnatocin jihohi. Duk wanda ya kwafo wannan tsari ya ɗora wa kokawa, ya haifi wata ma'aikata ce mai jiran albashi.

Ko ƙasashe masu hali sun ƙone hannu a irin wannan. A 2007 Ostareliya ta ƙirƙiro gasar ƙasa ta ƙwallon zari-ruga mai ƙungiyoyi takwas. Kaka guda aka buga, aka yi asarar dalarsu miliyan 4.7, aka rufe. Aka sake gwadawa a 2014, ita ma bayan 2019 ba a ƙara bugawa ba. Cikin abin da ya kayar da su akwai tsadar zirga-zirga a ƙasa mai faɗi, da kuma ƙungiyoyin da aka harhaɗa rana tsaka, waɗanda 'yan kallo ba su ɗauke su nasu ba. Mutum yana fitar da kuɗinsa ne don ya ga ɗan garinsu ya kayar da ɗan garin maƙwabta.

A nan kokawa ta fi kusan kowane wasa sauƙi. Ba ta buƙatar ciyawa, ba ta buƙatar takalmi ko fitilar dare. Yashi tifa ɗaya ko biyu, buhunan da za a jera a kewaye fage, alƙalin wasa da usur, makaɗa, igiyar da za ta tare 'yan kallo. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin fage ya san inda daɗin yake: ƙarti biyu sun duƙa, kowa ya shafa ƙasa a tafinsa, suna zagaya juna ana laluben hannu, kiɗa yana ƙara zafi, can sai ɗaya ya sunkuya ya kama ƙafa, kafin ƙiftawar ido ƙura ta tashi, fili ya kaure da sowa. Wannan ba ya buƙatar miliyoyi.

Ga yadda nake ganin za a yi. Shiyyar Funtua tana da ƙananan hukumomi goma sha ɗaya. A raba su gida biyu: Funtua, Bakori, Ɗanja, Dandume, Sabuwa da Faskari a ɓangare guda, Malumfashi, Ƙafur, Ƙanƙara, Musawa da Matazu a ɗaya ɓangaren. Kowace ta fitar da gwanaye goma daga gundumominta. A riƙa karawa da rana, a ranar kasuwa, tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da aikin gona ya lafa kuma aljihun manomi yake da nauyi. Mutum ya fito da safe, ya yi wasa, ya koma gida kafin magariba. Da haka an kashe kuɗin otal gaba ɗaya, an rage na mota, an kuma kauce wa tafiyar dare. Wasan ƙarshe a riƙa karɓa-karɓa tsakanin Funtua da Malumfashi.

Wa zai biya? Kuɗin ƙofa kaɗan wanda ɗan acaɓa zai iya bayarwa ba tare da ya ji a jikinsa ba. Sai 'yan kasuwar hatsi na Dandume da Funtua, waɗanda tirelolinsu ke kwasar masara zuwa kudu, da dillalan taki da na maganin feshi, da kamfanonin waya. Duk cikinsu babu wanda ba ya neman hanyar da sunansa zai shiga kunnen manomi, kuma babu inda manoma za su taru kamar bakin fage. Kyauta ma ba lallai ta zama tsabar kuɗi ba. Buhunan taki, injin ban-ruwa, babur, ko shanun huɗa ga zakara, sun fi amfani ga saurayin da zai koma gona da faɗuwar ruwan farko. Sharaɗi guda ne ba za a sassauta ba: bayan kowane wasa kwamiti ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban jama'a. Ƙungiyoyi da yawa a garuruwanmu ba talauci ya kashe su ba, zargin cin kuɗi ne.

Gwamnati tana da nata aikin, amma ba riƙe jaka ba. Ta ba da fili, ta turo jami'an tsaro, ta ajiye ma'aikacin lafiya da motar asibiti, domin a kokawa ana targaɗe, ana gocewar ƙashi, kuma bai kamata a bar ɗan wasa da jinyar kansa ba. Ta kuma tsara doka guda ta kaye da ta nauyi, wadda za ta dace da ta gasar kokawar ƙasashen ECOWAS, don wanda ya yi fice a Ɗanja ya iya tsayawa gaban ɗan Senegal ko ɗan Nijar ba tare da ya koyi sabuwar ƙa'ida ba.

Na san akwai malamai da iyaye da ke ɗari-ɗari da taron kokawa saboda layu da caca da cakuɗuwar maza da mata. Damuwarsu gaskiya ce, kuma maganinta a sa su cikin shirin tun farko. Hakimi da limami su zauna a kwamiti, a hana caca, a tsaya idan an kira salla, a ware wurin zama. Wasan da gari ya yarda da shi ne kawai zai ga shekara ta biyu. Haka batun tsaro: garin da jami'ai da masu gari suka ce hankali bai kwanta ba, a kai wasansa garin da ke kusa, kada a yi ganganci da ran kowa.

Idan Ƙaraduwa ta yi wannan shekara uku a jere ba fashi, shiyyar Katsina da ta Daura za su nemi shiga da kansu, daga nan a yi ta jiha a filin wasa na Muhammadu Dikko. Idan Zamfara da Sakkwato da Kebbi da Jigawa suka yi irin nasu, ranar da za a kira gasar ƙasa za a tarar da 'yan wasa a shirye, da 'yan kallo, da masu ɗaukar nauyi da suka riga suka ga ribar abin. Da yayyafi kogi kan cika.

Kirana ga hakiman shiyyar da shugabannin ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin 'yan kasuwa shi ne su zauna tun amfanin gona yana tsaye, su tsayar da rana, su naɗa mutanen da jama'a suka amince da riƙonsu. Ko da ƙananan hukumomi huɗu ne suka amsa a shekarar farko, a fara da su.