Hatsarin motar asibiti da ta kwana-kwana: laifin mai jiniya ne ko na wanda ya ƙi kaucewa?

Babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Tambuwal da Aliero da Jega da Maiyama zuwa Yauri ba ta rabuwa da manyan motoci, musamman lokacin kakar albasa. A kan wannan hanya ce majinyacin da aka ɗauko daga Sabiyal ko wani ƙauyen yankin yake bi idan asibitin kusa ya tura shi Birnin Kebbi ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Direban motar asibitin yana sauri ne domin ceton rai, amma hanyar ba tasa ba ce shi kaɗai: akwai tireloli da 'yan kabu-kabu da amalanke da masu talla a bakin kwalta. Idan aka yi karo a irin wannan hali, wa zai ɗauki laifi?

Mutane da yawa suna ɗauka cewa jiniya tana wanke direba daga kowane laifi. Doka ba ta ce haka ba. Yarjejeniyar Vienna kan zirga-zirgar ababen hawa ta 1968, wadda Najeriya ta shiga a 2018, ta wajabta wa masu amfani da hanya su kauce wa motar agajin gaggawa da zarar ta kunna jiniya da fitilarta. Sai dai ta gindaya sharaɗi a kan sassaucin da ake yi wa direban irin wannan mota: kada ya jefa rayuwar wasu cikin haɗari. Ke nan nauyin biyu ne. Wanda ya ji jiniya ya ƙi matsawa gefe ya yi laifi, haka ma direban da ya kutsa mahadar hanya irin ta Jega ba tare da ya rage gudu ya tabbatar an gan shi ba.

Amma me ya sa direbobi da yawa ba sa kaucewa? Wani ɓangare na amsar yana wurin waɗanda suka mayar da jiniya alamar mulki. Dokokin zirga-zirga na ƙasa na 2012 sun taƙaita masu izinin amfani da ita, duk da haka ayarin manyan mutane da masu rakiyarsu suna kunna ta a duk inda cunkoso ya tare su. Direban da aka sha kora daga kan hanya saboda wani babba zai je ɗaurin aure, ranar da ya ji kukan motar asibiti ba lallai ya yarda akwai mai naƙuda a ciki ba.

Tarihin ayarin motocin masu mulki bai taimaka ba. A watan Afrilun 2012 'yan jarida uku sun mutu a hatsarin da ya rutsa da ayarin Gwamnan Edo na lokacin, Adams Oshiomhole. A ranar 12 ga Nuwamban 2013 kuma, wata mota daga ayarin Gwamnan Kogi, Idris Wada, ta yi sanadin mutuwar Farfesa Festus Iyayi, tsohon shugaban ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU, a kan hanyar Lokoja zuwa Abuja yana tafiya Kano halartar taron ƙungiyar. Daga baya kotu ta ɗaure direban motar. Wannan hukunci ya nuna cewa motar gwamnati ba ta fi ƙarfin doka ba, amma ya bar tambaya a buɗe: direba kaɗai ne mai laifi, ko har da waɗanda suka ɗora shi a kan tsarin gudu irin wannan?

Tambayar ta shafi motocin asibiti da na kwana-kwana kai tsaye. Hukumar da ta ɗauki direba ba tare da ta ba shi horon tuƙin gaggawa ba, ko ta bar mota da tsofaffin tayoyi da birkin da ba ya kamawa, ko ta sa mutum ɗaya ya yi tuƙin dare da na rana, tana da nata kason. A dokar da Najeriya ke bi, ana iya neman diyya daga mai gidan aiki a kan ɓarnar da ma'aikacinsa ya yi yana bakin aiki. A shari'ar Musulunci ma kisan kuskure yana da diyya. Cewa an yi niyyar alheri ba ya kawar da haƙƙin iyalan mamaci.

Akwai kuma kason hukumomin da ke kula da hanyar. Inda kasuwa ta cinye gefen titi, inda aka jera tireloli a bakin kwalta, inda ramuka suka tilasta wa kowa barin hannunsa, direban da ya so kaucewa ma ba shi da wurin matsawa.

Alƙaluman Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, sun nuna mutum 5,421 ne suka mutu a haɗurran hanya a 2024. Rage wannan adadi yana buƙatar motocin agaji su isa da wuri, shi ya sa aka samar da lambar kiran gaggawa ta 122 ta hukumar da kuma 112 ta ƙasa baki ɗaya, aka kuma fara tsarin motocin asibiti na NEMSAS. Duk waɗannan ba za su yi tasiri ba idan jama'a ba su yarda da jiniya ba.

Abin da ya rage ga Gwamnatin Kebbi da FRSC shi ne su ƙwace jiniya daga hannun duk wanda doka ba ta ba shi ba, su horar da direbobin asibitocin Jega da Aliero da Maiyama, su haɗa kai da ƙungiyar direbobi ta NURTW da 'yan kabu-kabu wajen wayar da kai a tashoshi. Duk lokacin da motar agaji ta yi karo kuma, a fitar da sakamakon bincike a fili, a faɗi kason kowa, maimakon a rufe maganar da kalmar ƙaddara kafin a kammala zaman makoki.