Ka tsara bincikenka sau ɗaya, ka daina yawon kallo a kasuwar intanet

Duk wanda ya taɓa buɗe Jumia ko Jiji ko AliExpress da niyyar duba kuɗin caja ya san yadda labarin yake ƙarewa. Minti arba'in sun wuce, data ta yi ƙasa, kwandon sayayya ya cika da agogo da turare da takalmin da babu su a lissafi, cajar kuwa har yanzu ba a saya ba. Mukan ce ai raunin zuciya ne. Ni kam ina ganin rabin matsalar daga yadda muke shiga kasuwar take. Muna shiga ne ba mu faɗa wa manhajar abin da muke so ba, sai ita ta faɗa mana.

Maganin da nake kawowa ba shi da tsada, bai kuma buƙatar ka zama gwanin kwamfuta. Ka zauna sau ɗaya ka saita bincikenka da filta, wato waɗannan ƙananan zaɓuɓɓukan na farashi da kamfani da gari da taurari, sannan ka ajiye shi. Gobe ko jibi, maimakon ka shiga ta babbar ƙofa, sai ka shiga ta ƙofar da kai ka gina.

Me ya sa abu ƙarami haka ya isa a yi masa rubutu? A ajinmu na aikin jarida an koya mana nazarin da Maxwell McCombs da Donald Shaw suka wallafa a 1972, wanda ya nuna cewa abin da kafafen yaɗa labarai suka sa a gaba, shi jama'a suke ɗauka da muhimmanci. Shafin farko na kantin intanet shafin farko na jarida ne, sai dai editansa mai neman ciniki ne. Abin da ka fara gani ba lallai shi ne mafi kyau ko mafi araha ba. Wani mai kayan ya biya kuɗin talla aka ɗora shi a sama, wani kuma an ɗora shi ne saboda mutane da yawa sun latsa shi. Kuma harkar ba ta wasa ba ce: a 2023 kaɗai, Amazon ya samu fiye da dala biliyan 46 daga talla. Wannan ba laifi ba ne, kasuwanci ne. Ko a Kantin Kwari ko kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, akwai masu tare ka tun daga bakin hanya su ja ka shagon da za su samu kamasho. Bambancin shi ne can kana ganin mai jan hannun naka, nan kuwa ba ka ganinsa.

Bari mu ɗauki misali. A ce ɗaliba ce take neman waya, kuɗinta naira dubu 150. Abu na farko, ta sa iyakar farashi ta sama, kada ma idonta ya faɗa kan ta dubu 400 ranta ya biya. Abu na biyu, wanda yawancinmu muke mantawa, ta sa iyaka ta ƙasa, a ce dubu 90. In ba haka ba, da ta jera kaya daga mai araha zuwa mai tsada, shafukan farko duk kwandon waya ne da gilashin kariya da igiyar caji. Sai ta zaɓi kamfani biyu ko uku da ta yarda da su, da girman ma'ajiyar da take buƙata, da kayan da suka samu taurari huɗu zuwa sama. Idan kantin ya raba kayan da ke cikin ƙasa da waɗanda za a turo daga waje, ta zaɓi na gida in dai tana gaggawa. A Jiji kuwa, inda mutum da mutum suke ciniki, filtar gari ita ce gaba da komai. Wayar da ke Legas kai kana Zariya, ba za ka riƙe ta a hannu ka gwada ba kafin ka biya, kuma daga nan ake fara kuka.

To, ya ake ajiyewa? Wasu dandalin, kamar eBay, suna da maɓallin ajiye bincike, har su sanar da kai idan sabon kaya ya shigo. Inda babu, akwai dabara mai sauƙi. Ka buɗe kantin a burauza maimakon manhaja. A yawancin shagunan, duk filtar da ka latsa tana shiga cikin adireshin shafin, shi ya sa za ka ga linkin ya yi tsawo bayan alamar tambaya. Wannan dogon linkin shi ne saitinka gaba ɗaya. Ka danna tauraron Chrome ka ajiye shi, ko ka tura wa kanka a WhatsApp, ka ba shi suna mai ma'ana kamar "waya ƙasa da dubu 150" ko "takalmi lamba 42". Kuma linkin yana tafiya. Kana iya tura wa yayanka da ya san waya ya duba maka, ko ka jefa a guruf ɗin ajinku duk mai neman kwamfutar karatu ya amfana.

Wani zai ce duk wannan wahalar a kan me? A kan aljihu. Ɗalibin da ke karɓar bashin NELFUND naira dubu 20 ake ba shi a wata na kashewa. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Kowane hoto da bidiyon kaya da ya buɗe a wayarka, da kuɗinka ya buɗe. Sannan ga babbar riba: wanda yake buɗe bincike iri ɗaya duk mako yakan san ainihin farashin abu. Idan Nuwamba ta zo aka fara shelar ragin Black Friday, shi ba a ruɗa shi da jan rubutu da agogo mai ƙirga sakan, domin ya san nawa kayan suke tun watan Satumba.

Akwai ƙorafe-ƙorafe, kuma wasu suna da gaskiya. Filtar taurari tana ɓoye sabon ɗan kasuwa mai gaskiya da bai tara masu yabo ba tukuna, alhali taurarin ma ana iya ƙirƙirar su. Shi ya sa filta ba ta ɗauke maka karanta sharhin masu saye, musamman waɗanda suka ba da tauraro ɗaya ko biyu, don a nan ake jin aibin kaya. Na biyu, farashi ba ya zama wuri ɗaya a ƙasar nan. Iyakar da ka sa wata shida da suka wuce tana iya dawo maka da shafi wayam, ko tarkace. Ka riƙa sabunta ta. Na uku, sanarwa. Idan ka bar kowane bincike yana buga maka ƙararrawa, ka mayar da mai gadi ɗan talla. Ka kunna ta ga abu ɗaya da kake jira da gaske, ka kashe sauran. Kuma da zarar ka sayi abin, ka goge binciken. Wanda ya sayi waya ya ci gaba da kallon wayoyi, baƙin ciki kawai yake saya.

Su kuma masu cewa ai yawon kallon ma nishaɗi ne, ban musa ba. Amma a raba ranar kallo da ranar saye, kuma kada a bar katin banki a ajiye cikin manhaja, yadda latsawa ɗaya ta isa kuɗi su fita. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Ga 'yan uwana masu sayar da kaya, maganar ta shafe ku ta ɗaya gefen. Filta ba ta ganin hoto, abin da aka rubuta take karantawa. Idan kika ɗora atamfa ko abaya ba ki cike launi da girma da farashi da gari ba, kika rubuta "a yi magana ta inbos", to mai binciken da ya tsara kansa ba zai taɓa ganin kayanki ba. Shi ne kuwa mai sayen da ya zo da kuɗinsa a hannu, ba mai "nawa ne" ya ɓace ba. Ki cike kowane gurbi, ki kira kaya iri ɗaya da suna iri ɗaya ko'ina.

Iyayenmu mata ba sa aiken yaro cefane sai sun lissafa masa abin da zai sayo da kuɗin kowanne, har da wajen wanda zai saya. Wannan lissafin nake cewa mu mayar cikin waya. Yau da daddare, ka zaɓi abu ɗaya da ka daɗe kana son saya, ka ba shi minti goma ka saita, ka ajiye, ka rufe manhajar. Bayan mako guda ka buɗe ta wannan linkin kaɗai, ka ga nawa ya rage maka na data da na aljihu.