Rubutun Hannu da Jinkirin Shari'a a Zango

Ana ta zancen shigar da ƙirƙirarriyar basira cikin aikin kotuna, wato manhajar kwamfuta da aka horar da ita a kan ɗimbin rubutu da sauti har ta iya sauraron magana ta rubuta, ta kuma tace tarin takardu cikin ɗan lokaci. Tun 2018 kotun ƙolin Birazil take amfani da irinta, mai suna Victor, wajen tantance ƙararrakin da ake ɗaukakawa gabanta. Sai dai kafin a yi ɗokin abin da ke nesa, ya kamata a dubi abin da ke riƙe shari'a a Zango da sauran garuruwan masarautar Daura, wanda ba wani abu ba ne illa rubutun hannu.

Shaida zai taso daga Yardaje ko Rogogo ana tsakiyar damina, ya bar noma, ya biya kuɗin babur, ya tsaya gaban alƙali kan rikicin iyakar gona ko rabon gado, amma da ya faɗi magana biyu sai a ce ya dakata, saboda alƙali yana bin kowace kalma da alƙalami. A kotun majistare ma sai tafinta ya juya zancen zuwa Turanci kafin alƙalamin ya motsa. Bayanin rabin sa'a ya cinye safiya, sauran masu jira a ba su wata rana. Rubutun hannu ne ke sa a ɗage zama, rubutun hannu ne ke sa mai ɗaukaka ƙara ya yi ta sintiri yana jiran a kwafe masa bayanan shari'a, kuma rubutun hannu ne ke sa idan gara ta ci fayil ko ya ɓata, a rasa na biyu.

Doka ba ta yi shiru ba. Sashe na 294 na tsarin mulkin 1999 ya ba alƙali kwana 90 ya yanke hukunci bayan jawabin ƙarshe, dokar tarayya ta gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 kuma ta taƙaita yawan ɗage zama, amma har yanzu kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke gidajen gyaran hali a Najeriya jiran shari'a suke yi.

A nan ne na'ura za ta yi amfani, ta ɗauki sauti, ta rubuta nan take, ta adana kwafi. Amma sharaɗi ne ta ji Hausa, Hausar da tsohuwa ke yi a ƙauyen kan iyaka, ba ta labaran rediyo kaɗai ba, ta kuma ji Fulatancin makiyayi, domin kuskuren kalma ɗaya kan raba maraya da gonar ubansa. Sannan kotun da ba ta da tsayayyar wuta, sai an fara kafa mata sola.

Hukunci kuwa na alƙali ne, ba na na'ura ba. A 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 bayan sun gabatar da hukunce-hukuncen ƙarya da manhajar ChatGPT ta ƙaga musu. Saboda haka duk abin da na'ura ta rubuta, a karanta wa shaida da harshensa kafin ya bar kotu, ya amince, sannan alƙali ya sa hannu.