Laifin Wa Ne In Ɗan Ƙauye Ya Faɗi Jarrabawa?

Duk shekara in sakamakon jarrabawar shiga sakandare ya fito, sai a ji manyan ma'aikatan ilmi suna ta faɗa, wai malaman ƙauye ba su koyarwa, wai iyaye ba su san darajar boko ba. Ni dai ban gamsu da wannan hukunci ba, domin an yanke shi ne ba tare da an dubi aljihun talaka ba.

Tun 1976 da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin UPE, har zuwa 1999 da aka sabunta shi da UBE a Sakkwato, cewa ake yi ilmin firamare kyauta ne. To, amma kyauta ga wa? Gaskiya ne manomi ba ya biyan kuɗin makaranta, amma shi zai ɗinka wa yaro riga, ya sayi littafin rubutu da fensir. Wannan ma ƙaramin abu ne. Babbar hasararsa ita ce hannun yaron a gona. Zangon karatu na uku yakan faɗo daidai lokacin shuka da noman fari, na ɗaya kuwa daidai girbin gero da cirar gyaɗa da yankan dawa. Uban da ba shi da halin ɗaukar 'yan ƙodago, wa zai kira in ba ɗansa ba? Ranar kasuwa kuma 'yan mata na wajen talla.

Abin da ya fi damuna shi ne, jarrabawar ƙarshen shekara takan zo ne da damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa. Yaro ya taho da ƙafa daga wata ruga ko unguwa, ko koko bai kurɓa ba, sannan a auna shi da ɗan ma'aikaci na birni. Ai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ban wanke malamai duka ba, akwai masu fashi. Amma kafin a yi musu barazanar kora, ya kamata hukumomin ilmi na ƙananan hukumomi su daidaita hutu da ayyukan gona, a kuma riƙa ciyar da yara da safe, musamman daga Yuni zuwa Yuli.

Mu kuma ɗalibai, in an tura mu koyon aikin malanta a ƙauye, mu buɗe rajistar aji, mu ƙirga ranakun da yara suka yi fashi, mu gwada su da ranakun kasuwa da na girbi, mu kawo wa malamanmu lissafin.